Rabon Ido

Yayana Zeferino ɗan masunci ne, jikan masunci, amma tun da yake bai taɓa shiga kwale-kwale ya fito da abin da ya ci a cikinsa ba. Da an tura jirgi ya hau igiyar ruwa ta farko, sai amai. Mahaifinmu ya yi faɗa, ya yi duka, ya ɗura masa jiƙe-jiƙe, duk a banza. Da ya gaji sai ya ce, "To raggo, tunda ruwa ya ƙi ka, hau dutse ka riƙa duba mana." Cin fuska ya yi niyya, sai ga shi ya ba shi sana'ar da ta riƙe shi har furfura.

A gaɓarmu ta Santa Catarina, kifin tainya da sanyi yake zuwa. Iskar kudu ta yi kwanaki tana kaɗawa, ta kwanta, sai garken ya biyo bakin teku ya nufi arewa, ciki fal ƙwai. Jirgi yana kan yashi da taru a naɗe, matuƙa suna rumfa suna karta da shan kofi, ba mai taɓa filafili sai mai hange ya ɗaga farin ƙyalle daga kan dutse. Shi zai nuna inda za a bi, shi zai ce a zuba taru. Wata biyun nan su ke riƙe da gidajenmu har shekara ta zagayo, kuma duk a kan idon mutum ɗaya suke rataye.

Zeferino ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu da ke birni yanzu, ya binne matarsa, duk a tsakanin hawa dutsen nan da saukowa. Ba shi da surutu, ba ya shan barasa sai ranar bikin Waliyyi Pedro, kuma taurin kansa ko jaki sai ya sara masa. Ni Idalina, ƙanwarsa, ni na gaji bakin gidanmu gaba ɗaya. Ina da ɗakuna a bayan gida da nake ba baƙi masu zuwa hutun sanyi, da rumfar abinci a gaba. Baƙin sanyi ba wanka ke kawo su ba. Suna zuwa ne su ja igiyar taru a ɗauke su hoto, su ci gasasshen tainya da soyayyen ƙwansa, su haɗa da teba mai romon kan kifi.

Ni na fara ganewa. Wata safiya ya zuba kofi a gefen kofin, ya tsaya yana sauraron ƙarar zubar. Bayan nan na lura idan zai hau dutse da ƙafa yake lalube.

"Yaya, idonka lafiya?"

"Lafiyarsa lau."

"To me ke hannuna?"

"Rashin kunya ce a hannunki, ita ce a bakinki. Ba ni burodi."

Burodin ne a hannuna.

Na bar maganar, don na san idan aka sauke shi daga dutsen nan, kabari aka fara haƙa masa. Amma kullum na ga matan matuƙa suna leƙen teku da kwanon da ba komai, sai gabana ya faɗi.

Shekarar ta zo da gardama. Iska ta yi ta kaɗawa, kifi bai zo ba. Rannan da hantsi sai ga farin ƙyalle a sama. Gari ya ɗauki ihu, matuƙa suka watsar da karta, aka tura jirgi, aka zagaya, aka zuba taru. Yara da tsofaffi da baƙi kowa ya kama igiya. Tun ana ja na ji a hannuna ba nauyin rai a ciki. Da taru ya iso yashi, ciyawar ruwa ce da kaguwa biyu. Inuwar gajimare ya gani.

Taru idan ya jiƙe ya cukurkuɗe, sai a yini ana warware shi. Muna cikin warwarewar garken gaske ya wuce ta gabanmu, muna ji muna gani, ya faɗa hannun mutanen gaɓar arewa. Da yamma suka aiko mana da kifi guda a faranti, wai mu ɗanɗana kada mu manta kamanninsa. Ba wanda ya ce wa Zeferino uffan, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

A lokacin ina da baƙi daga São Paulo, Otavio da matarsa Marlene. Shi mai fara'a ne, ya sayo fatsa mai tsada wadda ba ta taɓa kama komai ba sai hularsa. Ita tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mai kirki, sai dai bakinta ba linzami. Washegari suna cin abincin rana, Valdir mai taru yana teburin gefe yana shan kofi, sai Zeferino ya wuce ya gaishe su. Yana ba da baya ta ce da ƙarfi, "Wayyo, Inna Ida, bawan Allahn nan yanar ido ce ta rufe shi! Duka biyun fa. Ku kai shi asibiti, aikin ba wuya yanzu."

Da na sami dama da ludayi zan rufe mata baki. Na ce, "Ƙara teba, uwar ɗakina, tana hucewa."

Valdir bai ɗago ba. Sai da suka tashi ya biyo ni madafa. Yaro ne da na goya, amma yau bakin gidaje da yawa yana wuyansa.

"Inna Ida, gaskiya ta faɗa?"

"Kai ne likita ko ni? Baƙuwar da ta kwana uku ita za ta gaya maka wane ne Zeferino?"

"Inna, Baba Zefe kamar uba yake a wurina. Amma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. In ya sake jiƙa min taru a banza, ko garke ya wuce bai gani ba, wallahi a gaban kowa zan sauke shi. Ba ni da yadda zan yi."

Na zage shi tas, har da kakarsa mai satar kaji. Ya tsaya ya sha, ya fita. Haushin da na ji shi ne, na san yaron bai yi ƙarya ba.

Iskar kudu ta sake tasowa, ta yi ta duka har rufin kwanon rumfata ya ɗaga, sannan ta kwanta. Gari ya waye tas, teku lumui, sanyi yana yankan kunne. Kowa ya san irin ranar ce. Masu karta ma a tsaye suke yi, ido yana kan dutse. Na kasa zama. Na zuba kofi a gora, na naɗe soyayyen rogo, na ce zan kai wa yayana abin kari. Mata ba sa hawa dutsen hange a lokacin tainya, wai muna kore kifi. Na ce wanda ya isa ya tare ni.

Na same shi a tsaye, ƙyalle a kafaɗa, hannu a goshi, sai ka rantse yana ganin har ƙarshen duniya.

"Me ya kawo ki?"

"Yunwarka."

"Ajiye ki sauka."

Na sunkuya zan ajiye, sai idona ya faɗa kudu, wajen bakin tsibiri. Wani ɓangaren ruwan ya sauya, kuma yana tafiya. Gajimare babu ko ɗaya a sama. Na dubi Zeferino. Fuskarsa tana kallon wurin daidai, ko gezau bai yi ba.

A ranar na tabbatar abin ya wuce yadda nake zato.

"Yaya," na ce a hankali, "ga su nan."

"Ina?"

"Bakin tsibiri. Sun doso."

Ya ƙura ido har hawaye ya zubo masa. "Inuwa ce."

"Inuwar me? Sama fes take! Ɗaga ƙyallen!"

"Ban gani ba."

"Ni na gani!"

"Ke ce mai hange? Ban taɓa ɗaga ƙyalle a kan abin da ban gani ba."

"Ka ɗaga a kan gajimare ai!"

Maganar ta fita kafin in kama ta. Ya yi kamar na mare shi. Garken kuwa bai tsaya jiran mu gama faɗa ba, ya kusa tsakiyar gaɓa. In ya wuce dutsen da muke kai, ya zama na mutanen arewa. Na yi tunanin fizge ƙyallen, amma na san ko zanina na kaɗa ba mai tura jirgi. Hannun Zeferino kaɗai suka sani.

Na kama rigarsa. "Yaya, don darajar iyayenmu. Dubi ƙasa, ko ba ka gani ka san su waye a wurin. In ƙarya nake, ka jefa ni ruwa."

Ya ce, "Suna tsalle?"

"Ɗaya-ɗaya, a gaba."

"Gaban ya yi tsini ko ya baje?"

"Ya yi tsini."

Na ji ya ja numfashi. Ya zare ƙyallen, ya ɗaga sama, ya kurma ihun nan nasa da ake ji har coci.

Ƙasa ta hargitse. Jirgi ya faɗa ruwa, filafilai suka tashi tare. Ni na durƙusa a bayan dutse inda ba a hango ni, ina faɗa masa, shi yana kaɗawa.

"Su ƙara fita. Ƙara. Sun yi kusa da yawa, za su firgita su!"

"Garken fa?"

"Ya karkato gaɓa."

"To zai juya. Bari su wuce shi tukuna." Ya kaɗa hagu da ƙarfi.

"Yaya, za su kuɓuce! A zuba!"

"Rufe min baki. Jirgi ya kai daidai jan dutse?"

"Saura kaɗan. Ya kai!"

Ya sauke ƙyallen ƙasa gaba ɗaya. Taru ya fara zuba, jirgi ya yi baka ya nufo yashi. Can sai garken ya juya, kamar yadda ya ce, ya faɗa ciki. Ruwa ya tafasa. Na zauna daɓas na fashe da kuka, shi kuwa yana ta tambaya, "Sun shiga? Idalina, sun shiga?"

An daɗe ba a ga kamu irin na ranar ba. Igiya har tana kuka. Otavio ya faɗi a ruwa sau biyu yana dariya, Marlene ta rungume kifi a ƙirji kamar jariri, don duk wanda ya taɓa igiya yana da nasa, ko baƙo ne. A hanyar saukowa na riƙe hannun yayana na ce, "Ka ga? Kullum zan riƙa kawo maka kari. Ba wanda zai sani. In an gama kakar kifi mu je asibiti a kankare maka yanar."

Ya ci gaba da laluben hanya da ƙafa.

Aka tara kifi tsibi-tsibi a kan yashi. A al'adarmu kafin mai taru, kafin matuƙa, rabon ido ake fara fitarwa. Valdir da kansa ya zaɓo manya masu ƙwai, ya jibge a gaban Zeferino, ya cire hula. "Baba Zefe, ka yafe min. Bakina ne ya yi tsawo." Mutane suka hau tafi, wani yana cewa idon tsoho ya fi na shaho.

Zeferino ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Kwashe ku kai gaban Idalina."

Na harare shi, na manta harara ba ta isa gare shi. "Yaya, rana ta taɓa ka ne? Mu je gida."

"Rabon ido na wanda ya gani ne. Ni ban ga komai ba. Bara ma da ƙyar na gani." Ya zare ƙyallen daga kafaɗa ya miƙa wajen da yake jin numfashin Valdir, bai ma daidaita ba. "Nemi mai ido ka ba shi. In yana so, ya zo in gaya masa abin da na sani."

Wurin ya yi tsit, sai kifi da ke bugun yashi. Valdir ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na rufa masa asiri, na hau inda ba a hawa, na yi ƙarya saboda shi, ya zo ya kwance komai a gaban baƙi.

Da la'asar na tsaga tainya na gasa, na soya ƙwai, na dama teba. Baƙi suka ci har suna lashe yatsa. Na kai masa nasa bayan gida, na dangwarar ba magana. Yana zaune a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa, bai taɓa abincin ba. Na juya zan tafi.

"Idalina."

"Me kuma?"

"Garken nan. Ja ne, ko baƙi?"

Na tsaya. "Ja-ja ne. Tsakiyar ta yi duhu."

"Har ina ya kai?"

"Daga bakin tsibiri har kusan coci."

Ya jinjina kai a hankali. "Babba ne ke nan." Ya matsa gefe ya bar min wuri a kan bencin. "Zauna ki faɗa min tun daga farko. Kada ki yi sauri."