Borin Jini a Kasuwar Lolo

Jama'a, yau saura ƙiris ku zo gidanmu ta'aziyya!

Ina kasuwar Lolo bayana ya riƙe, na sayi ƙwayar ciwon jiki wurin mai talla na haɗiye. Ban kai rumfata ba jikina ya ɗauki ƙaiƙayi. Wuya, hannu, ciki, duk sun yi ruɗu-ruɗu! Leɓena ya kumbura, muryata ta fara shaƙewa.

Dije maƙwabciyar rumfata ta tare ɗan kabu-kabu, sai asibiti.

Likita na ganina ya ce, "Borin jini ne, wato jikinki ya ƙi wani abu da kika sha. Mi kika sha?" Na miƙa mashi takardar ƙwayar. Nan take ya yi mani allura, ya ce in zauna ya ga numfashina, kuma kada in ƙara shan ƙwayar har abada.

Dije ta kira Inna, waya na yankewa. Ashe "bori" kawai Inna ta ji! Sai ga ta afujajan da malamin ruƙiyya.

Malam ya daka mani tsawa, "Fita daga jikinta!"

Likita ya ɗaga takardar ƙwayar ya ce, "Malam, ga aljanin nan, tuni mun kama shi."