Abin da Aka Yi wa Wuyan Akawal

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Haladu mai horon dawaki a Rigachikun. Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta abin daɗi a kansa, amma abin da na gani a bargarsa makon jiya ya hana ni.

Lokacin da yake raye, Yaya ma yana amfani da igiyar nan da ake ɗaurawa daga linzami zuwa majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, don doki ya koyi sauke kai ya daidaita tafiya. Sai dai ba ta wuce 'yan mintoci a jikin doki, kuma doki na tafiya ne, ba a turke ba. Da zarar ya ga dabba ta gane, sai ya sassauta. Kowane mako ya ƙara mata tsawo, har ranar da za ta zama ba ta da aiki, ya cire ta. Masu gaggawa suna yi masa tsiya, shi kuwa ya ce sannu ba ta hana zuwa.

To, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ɗansa Nasiru ne ya gaji bargar. Na tarar da Akawal, baƙin dokin da Yaya ya hora na ƙarshe, ɗaure a turke tun hantsi, an ja igiyar har haɓarsa na taɓa ƙirji. Gefen bakinsa ya tsage, ƙudaje sun yi cincirindo a kan ciwon. Nasiru kuwa yana zagaya shi da waya yana ɗaukar hoto. Tir!

"Baffa, zamani ne," in ji shi. "Masu saye wuya lanƙwasasshe suke so. Ranar Asabar wani Alhaji zai zo daga Kurmin Mashi."

Wai zamani! Dokin da ba ya ganin gabansa sai ƙafafunsa, ina zai kai mahayi in ba ƙasa ba? Da Yaya zai leƙo, na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai tsuguna ya duba bakin nan, ya ɗago ya dubi ɗansa, kuma wannan kallon ya fi mari ciwo.

Ni ba ni da haƙurinsa. Na faɗa wa yaron maganar da ba zan maimaita a jarida ba, na sa hannu na kwance igiyar. Wallahi Akawal bai ɗaga kai ba. Wuyan ya sandare, ya tsaya a lanƙwashe kamar har yanzu a ɗaure yake. Sai da na daɗe ina murza masa kafin ya miƙe shi da ƙyar, yana nishi.

Sunan Yaya na nan a allon ƙofar barga, sirdinsa na nan a rataye. Hannunsa ne babu wanda ya gada. Doki na Nasiru ne, ba ni da ikon ko gashin jelarsa. Iyakata na cusa igiyar a aljihu na taho da ita gida. Ina fita na hango wasu igiyoyin irinta guda uku rataye a ƙusa.