Ranar da Na Taka Layin Ƙanƙara

Nasarawan Doya zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, maƙwabcina ya ɗauke ni a babur zuwa Makarfi, daga nan muka wuce Tashar Yari na shiga motar Kano. Ɗana Bashir, mai aikin jinya a arewacin Finland, shi ya aiko mini takardu. Ni kuwa ba ƙasar ce ta ja ni ba, jikata Ummi ce, mai sunan marigayiya matata. Shekararta bakwai, ban taɓa riƙe hannunta ba. A waya takan ce "Ina wuni, Kaka," ta gudu. Jikar da ba ta tsokanar kakanta baƙuwa ce, wannan kuwa ya daɗe yana ci mini rai.

Ivalo

Jirgi uku na hau kafin na sauka a Ivalo, garin da Bashir yake, ƙarfe biyu na rana washegari. A hanya wani jami'i ya juya mazarƙwailar da na ɗauko yana tambaya, na ce zaƙin raken garinmu ne, ya bar ni da abata. Da na fito waje sanyi ya kama haƙorana. Bashir ya lulluɓe ni da riga mai nauyin buhun masara. Ummi ta durƙusa ta gaishe ni yadda uwarta Hadiza ta koya mata. Na ce, "Matata, ba za ki tari mijinki ba?" Ta ɓuya bayan uwarta. Haka muka yi kwana huɗu.

Cikin daji

Ranar Asabar ƙarfe goma muka yi tafiyar rabin awa a mota zuwa bakin daji, domin abin da suke kira siki: katako biyu dogaye a ƙafa, sanda biyu a hannu, mutum yana sulɓi a kan ƙanƙara. Kowace safiya wata mota tana tsaga layi biyu a kan ƙanƙarar, katakon yana bin cikinsu. Bashir ya ce akwai hanyoyin da ake kwana da kwanaki a kansu, tamu kilomita uku ce zuwa wata bukka. Babu gida, babu gona, sai itatuwa da sawun barewar ƙasar.

Ummi ta wuce kamar ba ta taka ƙasa. Ni na faɗi sau huɗu, a na biyar raina ya ɓaci. Bashir ya yi gaba ya hura wuta a bukkar, sai na kwance katakon na saɓa a kafaɗa, na bi tsakiyar layin da takalmi, ina jin daɗin yadda aka share mini hanya.

Wani tsoho ya taho a kan nasa katakon, ya tsaya, ya dubi bayana, ya faɗi 'yan kalmomi ya wuce. Ko sallama babu. Ummi ta dawo idonta ya cika da hawaye. Ta haɗa Hausarta da ƙyar ta ce, "Kaka, ka ɓata. Ba a takawa."

Na waiwaya. Na rusa layin nan taku kusan hamsin. Shekara arba'in ina faɗa da masu ratsa mini kunyoyin masara, yau ga ni na yi wa mutane irinta. Na ajiye katakon na durƙusa, na fara cike ramukan da hannu ina gyara gefen layin, yadda nake tayar da kunyoyi bayan ruwa ya zabge su.

Ta tsaya kallo. Can na ji ta durƙusa kusa da ni. Ina tara ƙanƙara, tana daddanna ta da katakonta. Mun yi kusan rabin awa, yatsuna sun daina ji. Da muka gama ta dubi aikin, ta dube ni, ta ce, "Ni ba na son miji mai faɗuwa."

Na ce, "To sakin ni za ki yi?"

Ta ce, "Sai ka koya tukuna."

A bukkar muka sha shayi da mazarƙwaila. Bashir ya ce, "Baba, idonka ya yi ja." Na ce hayaƙi ne. Kuka nake yi, don yadda Ummi ta yi mini magana, haka marigayiya uwar Bashir takan yi mini.

Komawa gida

Na ƙara kwana tara, kullum tana gaba ina biye, har na iya kilomita ukun da faɗuwa ɗaya. Na iso Nasarawan Doya ana kiran la'asar ranar Talata. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Bashir da Hadiza, har da tsohon da bai yi mini sallama ba.

Ban gama amsa barka da zuwa ba waya ta yi ƙara. Ummi ce, ba gaisuwa ba komai, ta ce, "Tsoho, sau nawa ka faɗi a hanya?"