Dogara Da Gonar Citta

Wata rana da farkon damina, na je ƙauyenmu can wajen Kachia, sai na hango wani mutum tsugune a gonar citta yana tonon ƙasa da yatsa.

Na ɗauka ɓarawo ne. Ashe mai gonar ne, wai shi Dogara.

Bara ciwo ya cinye masa citta, ko buhu ɗaya bai cire ba. Irin da ya shuka bana surukinsa ne ya taimaka masa da shi, kuma babu wani a bayansa. In wannan ya ruɓe, mutum bakwai ne za su rasa abin kaiwa baki.

Ita kuwa citta, in an shuka ta an rufe da ganye, sai ta yi makonni shiru kamar ba a binne komai ba.

Wannan shirun ne ya gagari Dogara.

Kullum da safe sai ya ɗaga ganyen, ya tono iri, ya juya, ya shinshina, ya mayar. Har ya rame. Ranar Lahadi ma ana waƙa a coci, shi yana can yana tono. Ni dai tausayi ya kama ni.

Sai ga Mama Rifkatu, wata tsohuwa maƙwabciyarsa, ta taso daga sujada sanye da zanen zumuntar matan coci. Ta tsaya a bakin gona tana kallonsa.

"Ɗana, me kake nema?"

"Mama, dubawa nake ko yana da rai."

"Ka ba Ubangiji ajiya, kuma kullum kana zuwa kana kwance masa ƙulli? Ina wurin ranar da uwarka ta sa maka suna. Dogara ta ce, ba Maigadi ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta kama hannunsa mai ƙasa ta yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, ta ce ya je gida ya ci abinci ya huta.

Bayan wata guda na koma. Gona ta yi kore shar, ban da kunya uku na bakin hanya, inda ya fi tonawa. Can ya kakkarya tsiron tun yana ƙarƙashin ƙasa.

Shi da kansa ya nuna mini, yana dariya. Ya ce inda ya bar wa Ubangiji duk ya fito, inda ya taya Shi aiki kuwa, ga shi nan fili.

Darasi:

Ka yi shukarka, ka rufe, ka yi addu'a, sannan ka cire hannu. Shirun Allah ba mantuwa ba ne, aiki yake yi a inda idonka ba ya kaiwa. Hutawa ma bangaskiya ce.

In ka san wani Dogara da ke ta tonon gonarsa a kwanakin nan, tura masa wannan.