Turancin Jatau Mai Gadi

Jatau Bamaguje ne, haifaffen wata unguwar manoma da ke yamma da Samaru. Har ya kai shekara talatin bai taɓa kwana a wani gari ba. Amma a shekarar babbar yunwa, ba da daɗewa da isowar jirgin ƙasa Zariya ba, dawa ta bushe a tsaye, matarsa ta mutu, jaririnta ya bi ta. Sai ya rataye garma a rumbu, ya kama hanyar Sabon Gari neman abin sawa a baka.

Ya sami aiki a siton wani Bature mai sayen fatu da auduga, wanda leburori ke kira Barkono saboda jan fuskarsa da zafin hannunsa. Ganin Jatau dogo ne ƙaƙƙarfa, sai aka ba shi gadin ƙofa. Aikin ba wuya, sai abu guda. Duk sanda Barkono ya dawo daga tasha, dole mai gadi ya faɗa masa wanda ya shiga, da wanda ya fita, da inda kowa ya nufa. Kuma da Turanci, don Barkono ya rantse ba zai ɓata bakinsa da Hausa ba.

Akawun siton, wani mutumin Lakwaja mai suna Albert, shi aka ɗora wa koyar da shi. Ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ya ce, "Kai, buɗe kunne. In mutum ya ba ka baya ya shige ciki, went in. In kana ciki ya nufo ka, came in."

Jatau ya ce, "Ai shiga da shigo ke nan, Akawu."

"To, ashe da kai a wuyanka. Ku wutsiyar kalma kuke murɗawa, su kuwa sai su sake kalmar ɗungurungum."

Abin da ya fi ɗaure wa Jatau kai shi ne, jiya an koya masa go, yau an ce in tafiyar ta riga ta wuce sai dai went, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Barkono kuwa ba ya jiran a gane. Kuskure ɗaya, dorina ɗaya. In ransa ya yi daɗi ma sai ya sa Jatau ya hau tarin auduga ya sauko, ya hau ya sauko, yana faɗin went up da came down, har numfashinsa ya ƙare. Kafin rani ya fita, bayan Jatau ya cika da tabo, bakinsa kuma ya faɗa. Ya iya cewa wane went out ya nufi kasuwa, wane ran away, wane came back daga tasha, dilar fata fell down daga amalanke.

Wata rana yana shafa wa bayansa man kaɗanya, ya tambayi Albert, "Akawu, yaya ake cewa ya doke ni?"

Albert bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Wannan ba aikin ƙofa ba ne."

Ana nan sai ga Cindo, amininsa tun suna kiwon awaki, ya iso da matarsa Doguwa da 'ya'ya biyu, duk ƙasusuwa a waje. Jatau ya yi ta bin Albert da roƙo har aka ɗauki Cindo cikin masu rufa wa sabon sito kwano. Doguwa ta yi ta sa masa albarka.

A mako na uku, da tsakar rana, kwano ya yanki Cindo a tafin hannu. Ya zauna a bakin rufi yana ɗaure wurin da tsumma. Barkono ya hango shi, ya daka tsawa, Cindo ya ɗaga hannun don ya nuna jinin. Barkono ya hau tsani da kansa. Da isarsa ya sa takalmi ya shure shi a ƙirji. Cindo ya faɗo a kan tarin duwatsun gini. Sauran leburori suna bayan rufin, ba wanda ya gani sai Jatau daga bakin ƙofa. Cindo bai cika ba sai da la'asar, kansa a cinyar Jatau, yana ta neman ruwa.

Bayan kwana uku aka kira Jatau gaban Baturen shari'a. Albert ne tafinta. Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, maigidana ne ya shuri Cindo a ƙirji, a kan idona."

Albert ya juya ya ce, "He fell down."

Jatau ya ji, ya kuma gane, don kalmomin da yake faɗa a kan dilar fata ke nan. Ya zabura ya ce, "A'a! Ba haka na ce ba!"

Barkono ya yi dariya, ya ce ai mai gadinsa ya iya Turanci, a bar shi ya faɗa da bakinsa. Alƙalin ya gyaɗa kai.

Jatau ya lalubi cikinsa. Babu shuri, babu takalmi, babu ƙirji. Abin da dorina ta zuba masa kaɗai ya tarar. Da yake da "Masa" yake kiran Barkono a Turance, sai ya ce, "Cindo went up. Masa went up." Sannan ya ƙara da cewa, "Cindo came down."

Alƙalin ya tambaye shi, shi Masan fa?

"Masa came down."

Ya ga alƙalami na tafiya, ya san abin da ake rubutawa ba shi ne ya faru ba. Sai ya miƙe ya ɗaga ƙafa don ya kwatanta shurin. Ɗan sandan da ke tsaye ya sakar masa kulki a ƙwauri, wai ya ɗaga wa hukuma ƙafa. Kafin ya tashi daga ƙasa an rufe littafi.

Doguwa na waje a gindin mangwaro. Wata mai sayar da burodi, Clara, wadda ke jin Turanci, ta riga ta fassara mata. Da Jatau ya fito yana ɗingishi, ta tare shi.

"Saukowa ya yi, Jatau? Da ƙafarsa? To gawar wa na wanke?"

"Doguwa, ba ni da kalmar. Na rantse da kabarin ubana, ba a koya mini ba."

"Kai ka kawo shi gidan nan," in ji ta. Ta tofa masa yawu a ƙirji.

Barkono ya ba shi tsohuwar kwat ta kaki tukwici. Daga nan kuma, duk ranar da ya yi baƙi daga kanti, sai a kira mai gadi ya tsaya a baranda ya maimaita shaidarsa, har da ɗaga ƙafar, su yi ta sheƙa dariya. Jatau kan yi. Ba shi da wurin zuwa, don labari ya riga shi isa gida cewa ya sayar da jinin Cindo da riga, 'yan'uwansa kuma sun raba gonarsa. Sau ɗaya ya kai wa Doguwa ƙwaryar dawa a ɗakin da take raɓe a unguwar Muchia. Ta karɓa, ta juye a kwata, 'ya'yanta na kallo suna kuka. Washegari ta kwashe su ta bar garin.

Shekara huɗu ya ƙara a bakin ƙofar nan, ba ya hira da kowa. A shekarar da annobar mura ta shigo Sabon Gari ya kwanta ranar Talata, ya mutu ranar Jumma'a. Leburori biyu suka binne shi a bayan layin dogo, ba wanda ya zo daga gida.

Lokacin Doguwa ta yi wani aure a wajen Giwa. Wani falke ya kai mata labarin tana tsakiyar sussuka. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce wa 'yarta ta miƙo mata faifai.