Jakunkunan Ɗalhatu a Baranda

Duk wanda ya taɓa zama a filat ɗin nan na unguwar Al Muraqqabat a Dubai ya san jakunkunan Ɗalhatu guda biyu da ke baranda, ya kuma san ba a taɓa su. Mutum takwas ne a ɗaki biyu, ina wurin ajiya? Sarkin Ruwa suke kiransa don tsokana, wai mutumin Bukuru da ko kogin kirki ba su da shi. Shi dai murmushi kawai yake yi, ya ɗauki hularsa ta aiki ya bi motar tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, inda yake duba lambobin kwantena daga safe har yamma.

Kaɗan ne suka san dalili. A damina ta 2016 ƙanensa Ibrahim ya shiga wanka a wani tsohon kududdufin kuza na bayan unguwarsu, bai fito ba. Kwana huɗu gwanayen iyo suna nema, a ƙarshe suka ce ruwa ya ja shi cikin ramukan da mahaƙa suka fafe ta gefe, kuma babu mai shiga can ya dawo. Aka yi zaman makoki ba gawa. Da Ɗalhatu ya je gida, mahaifiyarsu Inna Barira ba ta yi kuka a gabansa ba. Abu ɗaya ta ce: "Da dai na san inda kabarinsa yake, Ɗalhatu."

Shi ke nan fa. Wannan magana ita ta ci shekara biyar na rayuwarsa.

Ya fara koyon nutso ranakun Juma'a a tekun Fujairah, wurin wani dattijo Bamisire mai faɗan tsiya. Da ya gaya masa nufinsa na shiga ramukan ya nemo Ibrahim, dattijon ya ce shiga kogon ruwa wani karatu ne daban, kuma ba a karɓar ɗalibi sai da kayansa cikakku. Ya rubuta masa su a takarda: silindar iska biyu, abin shaƙar iska biyu kowanne da tiyonsa, tocila uku, rigar roba, igiyar da ake warwarewa don gane hanyar fita, agogon da ke nuna zurfi. Komai sai da na ko-ta-kwana. Ɗalhatu ya haɗa lissafi, ya ga albashinsa na wata bakwai ne cur, ban da kuɗin kwas ɗin, ga kuma abin da yake aika wa gida.

To, me zai yi? Ya yi abin da ya ga Inna ta yi lokacin auren ƙanwarsa A'i: yau tasa ɗaya, wata mai zuwa kwalla, a tura ƙarƙashin gado har kaya su cika. Ya fara da abin shaƙar iska, don shi ya fi tsada. Bayan wata huɗu ya sayi na biyun a hannun wani Bature mai barin gari. Ya daina shan shayin kanti, ya daina zuwa yawon shan iska garin Hatta da abokai, Sallah uku bai ɗinka ko hula ba. Duk abin da ya saya sai ya naɗe shi a tsohuwar riga, ya sa a jaka, ya soke layi ɗaya a takarda. Sai ga korona ta zo, aka rage albashi, aka rufe hanya. Bai fasa ba.

A watan Fabrairun 2021 ya soke layin ƙarshe. Wallahi ranar har shinkafa da kaza ya saya wa 'yan ɗaki. Ya kira Inna ya ce mata saura ƙiris, ita kuwa tari ya hana ta doguwar magana.

Ranar Juma'a ya zazzage kayan a gaban malaminsa. Dattijon ya ɗauki tiyo ya lanƙwasa, sai ga shi ya tsage kamar busasshen ɓawon rake. Ya ɗauki na biyun, haka. Rigar roba ta manne da jikinta, batiran tocila sun yi ruwa sun cinye cikinsu. Ya tambaye shi inda yake ajiya, Ɗalhatu ya faɗa. Mutumin da ya saba zagi sai ya ce masa a hankali, bazara huɗu a barandar Dubai, habibi, ko tayar mota ba za ta kai ba. Tasa da kwalla suna jira, roba ba ta jira, kuma babu wanda ya taɓa gaya wa Ɗalhatu haka. Gyara da sauyi za su ci wata takwas.

Ya sake ɗaukar takarda ya fara daga sama. Yana cikin wata na uku A'i ta kira shi, yana tsaye tsakanin kwantenoni da tsakar rana. Inna ta cika da safe, har an kai ta.

Bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Baƙin ciki ya cika shi, da haushin kansa, ya yi ta salati. Ya tambaya ko ta yi fushi da shi. A'i ta ce ko kaɗan, kullum cewa take Ɗalhatu yana hanya. Sannan ta ce akwai saƙo.

"Ta roƙi dattawa a bar fili a gefenta, na mutum ɗaya. Ta ce kai ka san na wane ne. Sun jera duwatsu a wurin."

Har yanzu yana Jebel Ali. Jakunkunan sun bar baranda, suna kan gadonsa, shi kuma yana kwana a takure a gefensu. 'Yan ɗaki sun daina kiransa Sarkin Ruwa. Saura layi huɗu a takardar.