Tarwaɗar Malam Ilu a Cikin Kwata

A duk shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da aka tura ni kamo tarwaɗa. Ku sababbin ma'aikata kuna yawan jin ana tsokanata da maganar, to ga yadda aka yi.

Tsakiyar damina ce, ina kula da wata unguwa a nan Dutsin-Ma. Ga wanda bai sani ba, dokar magudana ba ta da tsawo: ruwan sama kaɗai aka yarda ya bi kwata. Ba a zuba shara, ko baƙin mai, ko jinin yanka, ko ruwan masai. Wanda ya saɓa, mu fara yi masa magana da baki, sannan takardar gargaɗi, sannan kotu.

Wata Litinin da safe wata dattijuwa, Hajiya Dije, ta shigo ofis ta ce kwatar bayan gidanta tana motsi, kuma katangarta ta fara jiƙa. Na hau babur na je.

Maƙwabcinta Malam Ilu tsohon masunci ne daga wajen Zobe, ciwon gwiwa ya raba shi da kwalekwale ya dawo gari. Ashe ya jera buhunan yashi ya datse kwatar gaba da baya, ya rufe samanta da tsohon kwano. Da na ɗaga kwanon, sai ga tarwaɗa baƙi ƙirin, sun yi ɓul-ɓul, suna ta buɗe mini baki.

Na ce, “Baba, wannan fa laifi ne.”

Ya ce, “To Malam Sada, karanto mani dokar in ji.”

Na karanto masa sashen abubuwan da aka hana zubawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Shara kuka hana. Kifi shara ne?”

“A'a.”

“Baƙin mai ne?”

“Baba, ruwan sama kaɗai aka yarda da shi.”

“To ai shi ne. Wallahi ko moɗa ɗaya ban ƙara ba. Jira na yi Allah Ya saukar.”

Na ciro fom, sai na tsaya. Gurbi huɗu ne a jikinsa: ruwa mai dauɗa, shara, mai, mushen dabba. Babu inda kifi mai rai zai shiga. Na koma wajen shugaban sashenmu, Alhaji Lawal, mutumin da bai taɓa sa hannu a takardar da aka bar gurbi ba a cike ba.

Ya ce, “Rubuta mushe.”

Na ce, “Yallaɓai, lafiyarsu lau. Sun fi ni ƙiba.”

Kwana uku muna wannan. Wani ya ce a kai wa malaman gona, su suka san kifi. Wani ya ce a jira su mutu, fom ya yi daidai. Ran Alhamis Alhaji Lawal ya shigo yana murmushi, ya ce ya gano: dabbar da ke yawo a wurin gwamnati ba makiyayi, kamawa ake yi a tsare a harabar ofis, kamar yadda muke yi wa awaki. Aka rubuta mini umarni, aka ba ni baho biyu da igiya. Har yau ban san me zan yi da igiyar ba.

Na isa bayan azahar, hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Hajiya Dije na tsaye ƙofar gida. Na yi mata albishir cewa yau za a kama kifin.

Ta dube ni, ta dubi bahon, ta ce, “Ɗan nan, ni mi kifi ya yi mani? Buhunan nan na kawo ƙara.”

Toshe magudana shi ne layin farko a dokar, na haddace shi tun ina makaranta. Mu biyar a ofis, ba wanda ya tuna.

Kafin in buɗe baki ruwa ya kece. Nan da nan kwatar ta cika ta yi ambaliya, ta juya cikin gidan Hajiya. Muna kallo gefen katangar ya zube, ruwa ya nufi ɗakin da take kwana, inda hatsinta yake. Malam Ilu ya fito da ɗingishi. Ya tsaya ya dubi kifinsa, wanda shi ne duk abin da ya tanada wa iyalinsa a shekarar. Sai kawai ya naɗe wando ya faɗa cikin kwatar, ya shiga fizge buhunan da hannunsa. Na yar da baho na bi shi.

Ruwa ya samu hanya, tarwaɗa suka bi shi. Wasu suka haye kwalta, 'yan acaɓa suka yi fakin suna wawaso, har da wani mai shayi da ya zo da rariya. Malam Ilu bai ko waiwaya ba. Ya tsaya jagab yana haki, ya ce, “Hajiya, ki yafe mani. Ni zan tayar da katangar.” Kuma ya tayar, cikin mako guda, ni ma na je ranar Asabar na kwaɓa ƙasa.

Rahoton da na rubuta layi biyu ne: “An buɗe magudana. Dabbobin sun tsere.” Alhaji Lawal ya karanta sau biyu, ya sa hannu.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in mutum ya kawo ƙara, ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin ku ciro fom. Mu masu takarda mun kwana uku muna neman sunan laifin. Mai laifin kuwa, da ya ga ruwa ya doshi ɗakin tsohuwa, ko minti ɗaya bai ɗauka ba.